Abin da Masoyi Ke Karɓa a Hannun Tsohon Gwani

A Amurka, idan aka ce tsohon manajan wata ƙungiyar besbol zai zo gari, tun da sassafe mutane ke yin layi, wannan da ƙwallo, wancan da kati ko hula, kowa na jiran tsohon ya sa masa hannu. Besbol wasa ne da ake dukan 'yar ƙwallo da kulki, kuma masoyansa suna girmama tsofaffin manajoji kamar yadda suke girmama 'yan wasan kansu. Connie Mack ya riƙe ƙungiyar Philadelphia Athletics daga 1901 zuwa 1950, bai sauka ba sai da ya kai shekara 87. Dusty Baker ya ci babban kofin ƙasar da Houston Astros a 2022 yana da shekara 73. Irin waɗannan ne ake yi wa layi: a gaisa, masoyi ya ambaci wani wasa da ya kalla tun yana yaro, tsoho ya rattaba sunansa a tsakanin ɗinkin ƙwallon, a kai gida a adana cikin gilashi. A ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba a san wannan al'ada ba, kuma ba don an rasa gwanaye ko masu mutuwar son su ba. Ƙasa ce ta 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri, inda yaro kan san kirarin gwanin garinsu kafin ya san sunan hakimi. Amma kowane masoyi, a ko'ina yake, yana son ya koma gida da wani abu bayan ya ga gwaninsa. Abin da ake komawa da shi a wannan yanki ya canza ƙwarai cikin shekaru hamsin da suka wuce, kuma a ganina, na yanzu ya fi sauƙin samu amma ya fi na da ƙarancin labari, wanda kuwa ya fi kowa asara a wannan canji shi ne tsoho, wato ubangidan da ya horar da waɗanda ake tafa wa.

Ba abin mamaki ba ne da sa hannu bai kama ƙasa a nan ba. A wurin talakan Zamfara, sa hannu abu ne na banki da kotu da takardar cinikin gona, wanda bai yi boko ba kuwa dangwalawa yake yi da babban yatsa. Ka miƙa wa tsohon ɗan dambe biro da farar takarda, abin da zai fara tambaya shi ne me aka rubuta a sama, kuma yana da gaskiya. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. A can Amurka gwani ne ke ba masoyi wani abu. A filin dambe masoyi ne ke bayarwa. Idan aka yi kisa, wato aka kai abokin karawa ƙasa, fili kan kaure da sowa, masu kalangu su ƙara wuta, sai ka ga mutum ya keto tsakiyar fili da kuɗi a hannu yana manna wa gwaninsa a goshi, gumi na riƙe takardar na ɗan lokaci kafin ta faɗi wani yaro ya tsince masa. Wani ya ba da riga, wani rago, mai hali ya ba da keke ko babur. Abin da mai kyauta ke samu a madadin wannan shi ne maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na garinsu da abin da ya bayar, jama'a su ji. Idan ya yi sa'a, makaɗi ya saka shi cikin waƙa. Shaidarsa ke nan cewa ya haɗu da gwani, kuma shaida ce da ba a ajiye ta a aljihu, tana bakin mutane.

Wanda ke son ya san nauyin irin wannan shaida, ya dubi abin da makaɗi Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa ɗan dambe Shago. Yau da wuya ka sami mai hoton Shago yana dambe, waɗanda suka gan shi a fili da idonsu kuma sun yi ƙaranci, amma har gobe direban mota a tashar Ƙaura yana iya ba ka labarin karawarsa da Ɗandunawa kamar yana wurin, domin waƙa ta kai masa. Haka Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da sauran mazan ƙasarsa, haka Ibrahim Narambaɗa ya yi wa fadar Sarkin Gobir na Isa. Waƙar maza ba yabo kaɗai take ɗauke da shi ba. Cikinta akwai garin gwani, da wanda ya rene shi, da waɗanda ya buge da inda aka yi, da attajiran da suka tsaya masa, har da waɗanda suka guje shi. Kundi ne, sai dai ana rera shi. Hanyoyin da ke yaɗa shi kuma suna nan tun da daɗewa: jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya mai da ita ƙarshen layin da ya taso daga Zariya, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya, 'yan dambe kuma, waɗanda asalin yawancinsu mahauta ne, suna bin garuruwa da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Daga baya Rediyon Kaduna da Rima Rediyo suka ɗauki waƙoƙin, sannan kaset ya shiga kowace rumfar mai shayi. Wanda ya sayi kaset ɗin Ɗan'anace a shekarun 1980 bai mallaki wani abu da maƙwabcinsa ba ya da shi ba, domin ƙauyen duka ne ke ji tare da shi.

A cikin wannan tsari tsoho yana da kujerarsa. Ɗan dambe ba ya tashi shi kaɗai, yana da ubangida, kuma sau da yawa da sunan ubangidan ake kiransa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Ko a cikin sunayen da masu bin damben zamanin nan suka sani, irin su Bahagon Sanin Kurna da Garkuwan Cindo, sunan wani na gaba ne ke manne da na ƙarami. Duk sanda mai shela ya kira yaro fili, ya ambaci wanda ya koya masa ke nan. Aikin ubangida kuwa ya wuce na manajan besbol. Shi ke zaunar da yaro ya naɗa masa hannu, ya fara da ƙyalle a kan dunƙulallen yatsu, sannan ya bi da zare yana ja yana matsewa, zagaye bayan zagaye, har hannun ya koma kamar dutse, yana yi yana tambayar yaron ko ya yi masa tsauri. Shi ke duban abokin karawa ya ce a sa zare ko a bari, domin ya san wanda yaronsa zai iya da wanda zai illata shi. Tsakanin turmi da turmi, wato zagayen karawa, shi ke raɗa masa cewa wancan yana sakin garkuwa idan zai kawo duka. Idan aka ji rauni shi ke neman mai ɗori, idan aka samu kuɗi shi ke rabo. Masoyin da ya je gaida irin wannan tsoho a da, da goro yake zuwa, ya durƙusa ya ce Baba ina wuni, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, kuma ba ya tashi sai ya ji yadda aka yi a damben shekarar kaza. Abin da yake komawa da shi gida labari ne, wanda gobe zai ba wasu.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. Da farko masu hoto suka fara zagaya filaye, aka shiga buga kalandar 'yan dambe ana sayarwa a kasuwa. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, bayan wasu shekaru ta sami kyamara, masu tura waƙa suka maye gurbin masu sayar da kaset. Gidajen kallon ƙwallo suka cika da samarin da ke faɗa kan Arsenal da Chelsea, dambe shi kuma ya tashi daga dandalin ƙauye ya koma gidan da aka kewaye da kwano ana biyan kuɗin ƙofa, a Kano da Kaduna da Dei-Dei ta Abuja har Legas, inda ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramaɗa ke karawa ba sai da kaka ba. Yau idan saurayi daga Zurmi ya haɗu da gwaninsa, abu ɗaya yake roƙo: a yi hoto. Ya rungumo kafaɗarsa, su dunƙule hannu, a danna, kafin magariba hoton yana Facebook. Ba zan ce wannan ba ci gaba ba ne. Wanda ba shi da ko sisin liƙi yanzu yana iya samun shaidarsa, alhali a da sai mai abin hannu maroƙi ke ambata. Bidiyon dambe a YouTube ya kai wasan ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Zamfara ba, har an fara sa mota a gasa.

Sai dai hoto shaida ce ta cewa an haɗu, ba ya faɗin abin da aka ce. Ana gama shi cikin daƙiƙa biyu, don haka ba ya bukatar zama, ba ya bukatar tambaya. Kuma kyamara tana bin wanda ake yayi ne. Saurayin da jijiyoyin damtsensa ke tsaye shi ke jawo masu kallo. Dattijon da ke gefe cikin tsohuwar jamfa, wanda ya naɗa hannun saurayin, sau da yawa shi ake roƙo ya ɗan matsa kada ya shiga hoto. A nan ne muka bambanta da masu layin besbol ta hanyar da ba ta yi mana kyau ba. Su darajar sa hannun mutum ƙaruwa take yi idan ya tsufa, saboda an rubuta abin da ya yi, kowa na iya dubawa. Mu kuwa darajar hoton ɗan dambe tana ƙarewa ranar da ya ajiye zare, domin makaɗin da zai riƙe sunansa ya tafi, ba a kuma kafa wani abu a gurbinsa ba.

Mai musu zai ce ina kukan abin da bai cancanci kuka ba. Makaɗi ɗan kasuwa ne, wanda ya ba shi yake yabo. Yana mai da kisa ɗaya goma, yana binne ranar da aka kayar da gwaninsa. Bidiyo kuwa ba ya ƙarya, wanda ya faɗi ya faɗi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma lallai duk wanda ya ɗauki waƙar Ɗan'anace a matsayin hukuncin alƙali ya yaudari kansa. Amma bidiyo yana nuna abin da ya faru a gaban kyamara ne kawai, na minti uku. Ba ya gaya maka dalilin da ya sa waɗannan biyun suka shekara suna guje wa juna, ko wane attajiri ya sa kuɗi har suka yarda, ko me ya sa ubangida ya hana a shiga turmi na uku. Ga shi kuma ba ya komawa baya: duk damben da aka yi kafin waya ta sami ido, wato kusan tarihin wasan gaba ɗaya, ba ya cikin kowane bidiyo. Ƙarin gishirin makaɗi kuwa yana da magani, shi ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Muddin tsofaffin da suka yi zamani da juna suna raye, ana iya haɗa maganar na Arewa da ta na Kudu a tace. Ranar da suka ƙare, waƙar ce kaɗai za ta rage, da gishirinta.

Ba kuma ina cewa mu koyi tara sa hannu ba. Al'adar ta Amurka tana da nata ciwon. Ta zama kasuwa: a 2022 an sayar da katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle na 1952 kan dala miliyan 12 da dubu 600, kuma inda kuɗi irin wannan yake, 'yan jabu ba sa nisa. A ƙarshen shekarun 1990 sai da hukumar FBI ta yi bincike na musamman kan masu ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa, daga 2001 kuma hukumar besbol ta fara manna tambarinta a kan kayan da ta tabbatar. Da yawa daga masu layin nan ba gaisuwa ta kawo su ba, jari suke nema. Abin koyi a wurinsu wani abu ne dabam. Bayan mutuwar tsohon gwanin besbol Ty Cobb a 1961, wani malamin jami'a a New York mai suna Lawrence Ritter ya lura cewa 'yan wasan farkon ƙarnin suna ƙarewa, sai ya ɗauki rikoda ya bi su gida gida. Littafin da ya fito daga wannan yawo a 1966, The Glory of Their Times, maganar tsofaffi 22 ce da bakinsu, kuma ya raba kuɗin littafin da su. Labarin baƙaƙen 'yan wasa ya fi kusa da namu. An hana su shiga manyan ƙungiyoyi har 1947, suka yi gasarsu dabam, ba a adana alƙalumansu da kyau ba. Tsofaffi irin su Buck O'Neil, wanda ya yi wasa kuma ya yi manaja a Kansas City Monarchs, su suka yi ta ba da labari har aka kafa gidan tarihi a 1990, masu bincike suka tono tsofaffin jaridu, a 2024 aka haɗa alƙaluman da na kowa, sai ga ɗaya daga cikinsu, Josh Gibson, ya hau saman Ty Cobb. Su sun sami jaridun da za su tona. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a 1939, ba ta da wakili a kowane dandalin ƙauyen Zamfara. Namu kundin yana cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka haura saba'in.

Musu na biyu ya fi zafi. Za a ce a ƙasar da ake kwana da ido ɗaya, inda manomi ke biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, wa ke da lokacin tarihin dambe? Gaskiya ne Zurmi da Shinkafi suna cikin wuraren da wannan bala'i ya fi ci, kuma ba mai hankalin da zai sa wasa gaba da rai. Amma wannan bala'in ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Damben kaka yana bukatar hanya mai aminci da taron dare da kasuwa mai ci, duk kuwa sun raunana. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, an dakatar da kasuwannin mako, wato tsohuwar hanyar yaɗa labari da sabuwar suka tsaya lokaci guda. Ƙauyuka sun watse, zauren da ake zama hira ya zama kango. Dattijon da ya yi suna a garinsu yanzu ɗan gudun hijira ne a Ƙaura ko Gusau, cikin unguwar da ba wanda ya san ko shi wane ne. Sai dai wannan watsewa ta kawo shi kusa da masu karatu fiye da kowane lokaci. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙaura Namoda tun 1983, Jami'ar Tarayya tana Gusau tun 2013, kuma wayar da ake ɗaukar hoto da ita tana ɗaukar murya ta sa'a guda ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

Akwai kuma masu cewa dambe ba abin adanawa ba ne, domin yana tattare da layu da tsagar hannu da neman asiri, ga illata jiki. Tun da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a 2000 wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi, tsofaffin 'yan dambe da yawa kuma sun zama Alhazai masu sahun gaba a masallaci, ba sa son a tuna musu ƙuruciya. Wanda ya ƙi magana a ƙyale shi, haƙƙinsa ne. Amma rubuta abin da ya faru ba yarda da shi ba ne. Malaman jihadi da kansu sun rubuta al'adun da suka yaƙa, da ba su yi ba da ba mu san abin da suka tarar ba. Kuma a bakin tsohon da ya daina ne za a ji abin da waƙa ba ta faɗa: nawa ne suka ƙare da makanta ko rawar jiki, nawa ne suka tara dukiya ta zube.

Ba sai an haye teku ba kafin a ga cewa abin mai yiwuwa ne. Maraɗi ta Nijar ba ta da nisa da wannan yanki, kuma babban filin kokawarta yana ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya fara cin takobi, wato kyautar zakara, da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975. Filin Dosso yana da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Saboda gwamnatin Nijar ta riƙe gasar, yaro a can yana iya jero waɗanda suka ci takobi shekara bayan shekara har da Isaka Isaka, ya kuma yi gardama da hujja kan wanda ya fi. A ɓangaren makaɗa ma mun ga an yi: Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa da iyalansu ya rubuta tarihinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum kan Narambaɗa. Shi ya sa abin da aka sani game da masu waƙar ya fi abin da aka sani game da waɗanda aka yi wa waƙar. Ɗalibin Hausa da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu ba ya bukatar tallafi daga waje kafin ya sayi goro ya nemi Sarkin Damben garinsu. Tambayoyin ma a shirye suke: wa ya fara naɗa masa hannu, shi kuma wancan wa ya koya masa, waɗanne garuruwa ayarinsu ke bi daga Ƙaura idan kaka ta yi, yaya ake raba kuɗin fili tsakanin 'yan dambe da makaɗa da mai masauki, kuma wa ya taɓa kayar da shi.